Tebu'a da Gurguzun Innata

Kalma ɗaya tak na sani a Ibrananci, kuma duk ranar da ta faɗo mini a rai sai na wuni ina huci. Tebu'a. Wanda ya koya mini ita yakan ciji leɓensa na ƙasa in zai furta ta, ni kuwa na ce masa ban tsallako teku don in ciji leɓena ba, tebu'a zan ce, in ya so ya gane. Ma'anarta amfanin gona. Amma sai na fara da zoɓo kafin a gane abin da ya haɗa ni da ita, ni da ko Larabcin da nake salla da shi ban gama ƙwarewa ba.

A ƙauyenmu na ƙasar Gumel kowa ya koma noman jan zoɓo tun da 'yan kasuwa suka fara zuwa da manyan motoci suna kwasa. Innata ce kaɗai ta ƙi sakin farin. Tana da ɗan fili a bayan ɗakinta, a nan take shuka shi kowace damina. Ta ce a wurin mahaifiyarta ta sami irin, ita kuma da shi ta zo gidan aure daga garinsu. Yana da kauri, tsaminsa ba ya dakushe haƙori. Ganyen, wato yakuwa, mu yi miya da fate. Zoɓon ya shiga taushe. 'Ya'yan, gurguzu ke nan, ta yi daddawar batso da su, wadda warinta ke korar baƙo amma daɗinta ya dawo da shi.

Da zan taho wurin maigidana a Greensboro, can ƙasar Amurkawa, ta ƙulla mini busasshen zoɓon a leda. Na yi watanni ina tsakura kamar magani. Ranar da na kai ƙasan ledar sai na ga gurguzu a kwance, bai fi cikin tafin hannu ba. Na kira ta na ce, "Inna, kin manta gurguzu a cikin zoɓona."

Ta ce, "Ni ce zan manta? Ke da kika tsinta ai kin san abin da ake yi da iri."

A unguwar Glenwood muke haya, wani ɗan tsohon gida a tsakiyar ɗaliban jami'a masu yawo da kekuna. Mai gidan ya fi son ciyawar ƙofar gidansa da 'ya'yansa, ciyawar da ko akuya ba ta ci, kuma ya ce in na kuskura na sa mata fartanya mu nemi wani wuri. Sai na koma shuka a bokitai. A nan na gane cewa zoɓo da ƙasar nan ba su jitu ba. Ba ya fure sai rana ta fara gajarta, lokacin kuwa sanyi ya riga ya kama hanya. Kafin gurguzu ya nuna a cikin ƙwansonsa, sai wata safiya ka fito ka tarar raɓar ƙanƙara ta sauka, ganyen duk ya yi baƙi ya lanƙwashe kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Kowace shekara abin da nake mayarwa kwalbar da nake ajiye irin bai kai abin da na ɗiba ba.

Aikina kula da tsofaffi ne. A gidan da nake aiki akwai wata tsohuwa da nake yi wa wanka ina ba ta abinci, mijinta kuma kullum sai ya zo ya zauna a gefenta. Dogon Bature ne mai sanda, yana karanta wani littafi da ake buɗewa daga dama kamar namu. Ni ba na iya yin shiru, don haka ya sha jin mitar bokitaina. Bayan matar ta rasu ya dawo ya yi mana godiya, ya ja ni gefe ya ce yana da fili a bayan gidansa a McLeansville, yana nan kwance tun da gwiwoyinsa suka yi masa tawaye. Ya ce in je in noma abin da nake so.

Maigidana direban babbar mota ce, ya fi kwana a hanya fiye da gida. Don haka na nemi Alhaji ya raka ni. Alhaji dattijo ne daga zongon Kumasi, shi ne babbanmu a garin nan. Shi ke raɗa sunan jarirai, shi ke sulhunta ma'aurata, matarsa kuma aminiyata ce. Hausarsa irin tasu ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa, har na daina gyara masa. Ya ga filin, ya ce shi ma zai sa kuɓewa da gauta a gefe guda.

Da amfanin farko ya nuna, kafin in kai ko ganye ɗaya bakina, na cika kwando da yakuwa da kuɓewa da gauta na kai ƙofar tsohon. Haka na tashi na gani a gida: wanda ya ari gona, mai gona yake fara kai wa. Ya fito yana dogara sanda, ya dubi kwandon, ya dube ni.

"Na mene ne wannan?"

"Kason mai gona ne, Baba."

"Ai ban ce ki biya ni ba."

"Ni ma ban ce biya ba ne. Karɓi, hannuna ya gaji."

Ya yi dariya har da tari. Sai ya ɗora hannu a kan kwandon ya ce, "Tebu'a." Na zaci atishawa ce ta kama shi. Ashe malamin Ibrananci ne, ya yi shekara da shekaru yana koyar da shi a makarantar horar da fastoci kafin ya ajiye aiki. Ya ce ɗaliban da ya koya wa wannan kalma ba su ƙirguwa, amma bai taɓa ganin ta a ƙofarsa cikin kwando ba sai ranar.

Ya zaunar da ni a baranda ya yi mini bayani. Ya ce a tsohon littafin addininsu haka ake kiran abin da ƙasa ta bayar, kuma kalmar ta fito ne daga wata mai nufin zuwa ko shigowa, wato abin da ya baro gona ya shigo gida. Na ce tamu ta fi daɗi, mu amfanin gona muke cewa, abin da zai amfane ka. Ya ce tamu ciki take kallo, tasu kuma ƙofar rumbu. Na ce ai babana ya riga su faɗa, domin yakan ce hatsin da ke tsaye a gona na tsuntsu ne da fara, sai ya shiga rumbu yake zama naka. Tsohon nan ya buga sandarsa a ƙasa don daɗi, ya sa na maimaita masa.

Daga nan ba na zuwa gona in tafi ban sha karatu ba, ko ina so ko ba na so. Ya ce hatsin da aka kwaso daga masussuka tebu'a ne, haka inabin garka da ruwan da aka matse daga cikinsa. Ya ce ba a gona kaɗai ta tsaya ba, abin da ma'aikaci ya samu daga wahalarsa ma haka ake kiransa, da abin da hikima ke jawo wa mai ita. Har abin da bakin mutum ke jawo masa, alheri ko akasinsa, tebu'a ne, kuma da ya zo nan sai ya kalle ni ta saman tabarau. Na ce na ji, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Wata rana da na sake kai masa kwando sai ya ce na juya musu littafi. A dokarsu ta dā, in ji shi, a kowace shekara ta uku akan ware ushirin tebu'a a tara a cikin gari, don baƙo da maraya da matar da mijinta ya mutu su zo su ci su ƙoshi. "Mai ƙasa ne ke ciyar da baƙo," ya ce, "ga shi nan baƙuwa tana ciyar da mai ƙasa." Na ce kada ya ɗauka su kaɗai suka san wannan, mu ma muna fitar da zakkar amfanin gona. Ya ce ya sani, shi ya sa muke shiri.

Gaisuwarmu ma sai ta koma haka. In ya hango ni daga baranda ya ɗaga murya, "Yaya tebu'a?" Ni kuma in amsa daga cikin kunyoyi, "Ba ta shigo ba tukuna, Baba, tana hanya."

Tsohon yana da ɗa guda, a Summerfield yake da gida da dawakai. Jefi-jefi yake zuwa. In ya zo yakan ɗaga mana hannu daga cikin mota, ban taɓa ganin ƙafarsa ta taka bayan gidan ba.

A ƙarshen sanyin wata shekara aka kira ni aka ce Inna ta rasu. Kafin in gama fahimtar abin da ake faɗa mini an riga an kai ta makwancinta. Ban wanke ta ba, ban ga fuskarta ba. Na ɗauko kwalbar gurguzu na zuba a tafin hannu, abin da ya rage mini nata ke nan, kuma ya tsufa. Na lura tun bara rabinsa ba ya tsirowa. In na sake ajiye shi shekara guda, a kwalba zai mutu. Tsohon ya ce in kawo shi barandarsa mai gilashi mu rene shi da wuri, tun ana sanyi a waje, don ya sami lokacin nuna. Na juye kwalbar kaf.

Ban taɓa ganin zoɓo irin na wannan shekara ba. Ya kai mini kafaɗa. Ya yi fure, furen ya zube, zoɓon ya kumbura fari tas. Kaka kuma ta zo da ɗumi, sanyi ya yi jinkiri kamar an roƙe shi. Ganye kawai nake tsinka, ban taɓa zoɓon ba, domin ina so ƙwanson ya bushe a jikin karansa har in an girgiza a ji gurguzu yana ƙara a ciki. 'Yan makonni kawai suka rage. Har tsofaffin zannuwan gado muka tara ni da tsohon, don mu lulluɓe shukar in aka ce raɓar ƙanƙara za ta sauka.

A farkon Oktoba ɗan ya kira ni da wayar mahaifinsa ya ce an tarar da shi a kujerar baranda, rai ya yi halinsa. Na yi kuka sosai. Mutumin kirki ne, kuma uwa da uba na rasa a shekara guda.

Bayan an yi jana'iza a cocinsu aka ce ana karɓar gaisuwa a gidan. Na dafa shinkafa da kaji, Alhaji ya ɗauke ni a motarsa. A hanya na ce, "Alhaji, in mun gaisa zan faɗa wa yaron nan maganar gona. Ya bar mini ita zuwa ƙarshen wata kawai."

Ya kusa taka burki a tsakiyar titi. "Kai! A funeral? Uban mutum ya mutu, kai ka je kana maganar ganye? Abin kunya ne paa. Ba za a ce mutanenmu sun yi haka ba."

"Ba ganye ba ne, irin Innata ne."

"Na sani, 'yata. Amma wa ke korar mai aron gona bai kwashe amfaninsa ba? Ko a Kumasi, ko a Kano, ko a ina. Yaron yana da ido. A bari a yi arba'in, ni da kaina zan je in same shi."

"Su ba su da arba'in, Alhaji."

"Mu muna da ita."

Na ce kafin arba'in ɗinsa ai ƙanƙara ta gama da mu. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni da ke da 'ya a jami'a, ni ce yaron.

Gidan cike yake da mutane masu baƙaƙen kaya, kowa da faranti a hannu, ana ta hira har da dariya. Muka ajiye abinci, muka yi wa ɗan ta'aziyya. Idonsa ya yi ja, ya riƙe hannun Alhaji da hannu biyu, ya ce babansa yana yawan maganarmu. Sannan ya ce, da bakinsa, ina tsaye ina ji: "In akwai wani abin da kuke buƙata a wurin nan, ku faɗa mini."

Na buɗe baki. Alhaji ya riga ni. Ya dafa ƙirji, ya sunkuyar da kai ya ce, "Nothing, nothing at all. Ba komai. Allah ya ba ku haƙuri." Ya juyo ya yi mini kallon da ake yi wa yarinyar da ta miƙa hannu a kwanon baƙi. Ta tagar da ke bayan ɗan ina hango zoɓona, fari fat a cikin rana.

Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san abin da Alhaji ya yi. Kara ce. In mai makoki ya ce me kake so, ka ce ba komai, don kada ka ɗora masa naka a kan nasa. Shi kuma ya san ba-komai ɗinka da komai a ciki, sai ya sake tambaya bayan an watse, ko ya aiko ƙaninsa, ko ma kawai ka wayi gari ka ga ba wanda ya taɓa maka shuka. Abu ne da ake yi tsakanin mutum biyu da suka san shi. To ina amfanin ka yi wa mutum kara da harshen da bai taɓa ji ba? Alhaji ya shekara nawa a ƙasar nan? Ya san sarai in ka ce wa Ba'amurke ka ƙoshi, ɗauke kwanon yake yi. Ya sani a wurin aiki, ya sani a asibiti, amma da aka zo kan gurguzun uwata sai ya tuna shi dattijon zongo ne.

A hanyar dawowa ya ƙara da cewa kada in shiga gonar ma tukuna, kada maƙwabta su ga baƙar fata tana tsinke gonar mamaci tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Shi ma ya bar kuɓewarsa ta tsufa a kara. Ya sa matarsa ta kira ni ta jaddada mini. A cikinmu ba a tsallake maganar Alhaji a zauna lafiya, gobe kina da suna ko rasuwa shi za ki nema. Na zauna ina duba hasashen yanayi a waya safe da yamma kamar mai jiran sakamakon asibiti.

Wata Asabar da na tashi aiki da rana na kasa daurewa. Na ce ba zan shiga ba, daga bakin titi kawai zan leƙa. Tun kafin in sha kwanar gidan na ji ƙarar tarakta. A ƙofar gida an kafa allon sayarwa. A baya kuma wani mutum ne a kan tarakta yana jan injin yankan ciyawa, yana zagaye na ƙarshe. Babu zoɓo, babu kuɓewa, babu gauta. Fili ya yi ƙwal, sai ƙamshin tsami da ya cika iska, ƙamshin tsakar gidanmu ranar da Inna ke yanka yakuwa.

Ban san lokacin da na fita daga mota ba, ko kashe ta ban yi ba. Ɗan yana baranda yana haɗa littattafai a kwali. Na ce, "Me ka yi? Me ka yi mini?"

Ya miƙe a firgice. Ya ce dillalin gidan ne ya ce a share bayan kafin a ɗauki hoto. Ya ce shi ya zaci ciyawa ce ta yi tsawo. "Kuma ai na tambaye ku. Dattijonku ya ce ba kwa buƙatar komai."

"Ciyawa? Ciyawa ce take fitowa a layi? Ubanka da sanda yake zagaya ta kullum, kai da ƙafafu biyu lafiyayyu ba ka iya takawa ka duba ba?"

Na faɗa masa na Inna, rabi da Turanci rabi da Hausa, domin in raina ya ɓaci Turancina guduwa yake yi. Fuskarsa ta yi ja. Ya ba ni haƙuri, kuma na ga da gaske yake. Sai ya zaro waya ya ce in faɗa masa sunan shukar, yanzu zai yi mini odar iri, ko nawa nake so. Wannan ya fi yankan ƙona mini rai. Na ce ya duba ko suna sayar da na kakata.

Na nuna filin na ce, "Ka san tebu'a?"

Ya yi ɗan murmushin gajiya ya ce, "Baba da Ibranancinsa. Ni ban taɓa zama na saurara ba."

Na so in ce masa a littafin da yake cusawa a kwalin nan an ware wa baƙo kaso, shi kuwa ya bi kan na baƙuwa da tarakta. Ban faɗa ba. Ga ɗan da ya gaji ƙasar bai san kalmar ba, ga ni da na san kalmar ban da ko taki ɗaya a wurin.

Na kwance mayafina na shimfiɗa, na durƙusa na fara kala, kamar yadda muke bin gonar gyaɗa muna yara bayan an kwashe. Injin ya daddatsa komai. Ina tono ƙwanso daga cikin tarkacen kara, ina fasawa da farce. Yawancin gurguzun fari ne, da taushi, yana fashewa da ruwa. Ɗaiɗaiku ne suka fara yin duhu. Na kira matar Alhaji na ce ta faɗa wa mijinta arba'in ɗinsa ta cika.

Ya zo. Ya tsaya a bakin filin da hularsa a hannu. Sannan ya tattare rigarsa ya durƙusa a gefena, da gwiwoyinsa masu ciwo, yana tsinta yana zubawa a mayafin. Da ya yi shiru har muka gama da ya fi mini sauƙi in yafe masa. Amma sai ya ce, "Ka yi haƙuri, 'yata. Haka Allah ya ƙaddara. Mai haƙuri yakan dafa dutse."

Na ce, "Alhaji, Allah ya tsayar mini da sanyi. Allah ya sa yaron ya tambaya da bakinsa. Allah ya gama nasa. Kai ne ka ce ba komai."

Ban taɓa yi wa babba magana haka ba, kuma har yau ban janye ba. Ya ce shi mutuncinmu ya kare. Na ce mutuncin yana nan a mayafi, ya ɗiba ya kai gida a yi masa miya. Ana cewa kunyar mara kunya asara ce, amma yaron nan ba mara kunya ba ne. Tamu ce bai sani ba, mu kuma muka ƙi faɗa masa, muka tsaya muna jira ya yi duba.

A gida na ware ƙwanson da ke da alamar nuna na shanya a taga. Zoɓon da bai dagargaje ba na wanke shi, ya ɗan cika kwano. Kafin in sa ko ɗaya a tukunya na ɗebi na sama na zuba a kwando, na tuƙa har Summerfield, na wuce shingayen dawakai na ƙwanƙwasa ƙofa. Ya buɗe, ya ga kwandon, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Kason mai gona ne," na ce. "Kai ne mai gona yanzu."

"Don Allah, ban cancanta ba. Ban ma san yadda ake cin sa ba."

"Babanka ma bai sani ba, amma yana karɓa."

Ya karɓa da hannu biyu. Ba don alheri na kai masa ba, kada a yaba mini. So nake ya riƙe abin da ya yanka ya ji nauyinsa. Kuma ba zan bari a ce a hannuna al'adar Inna ta faɗi ba, ko da a hannuna irinta ya faɗi.

Da sanyi ya wuce na jiƙa tsumma, na jera gurguzun da na tsira da shi, na rufe na ajiye a wuri mai ɗumi a kicin. Kullum da safe kafin in tafi aiki sai na ɗaga in duba. Wasu suka kumbura, raina ya tashi, ashe ruwa kawai suka sha. Sannan suka yi furfurar ruɓa ɗaya bayan ɗaya. Na ci gaba da jiƙa tsumman har maigidana ya ce kicin ya fara wari.

Ranar da na zubar da su na kira ƙanwata a gida. Tun rasuwar Inna ban iya tambayarta wannan ba, don ina tsoron amsar. Muka gaisa, na tambayi yara, na ce, "Wai ɗan filin nan na bayan ɗakin Inna, wa ke shuka shi yanzu?"

Ta ce an yi ɗaki a wurin, yayanmu ya faɗaɗa wa iyalinsa.

"Gurguzunta fa? Na farin?"

"Wanda ya rage ai daddawa muka yi da shi, aka yi abincin sadakarta. In fari kike so sai a duba miki a kasuwa, amma ba irin na Inna ba ne, wancan siriri ne." Sannan ta ce, "Me ya faru, Yaya? Mu ai ba mu damu da ajiyewa ba. Inna har ta bar duniya cewa take kada mu ji komai, iri yana wurinki."